Iskar Dam da Iskar Yawuri

Ranar Juma'ar da ta wuce, da aka sauko daga masallaci a Whitechapel, na tarar da ku kun haɗa kai a kan waya ɗaya, kuna kallon wani Bature yana shawagi a saman ruwa riƙe da fiffike. Na ji Faruk ɗan ƙanwata yana cewa wai shi kwana biyu ya ishe shi ya koya, ai tsayuwa ce kawai, iska ke yin aikin. Har ya juyo ya ce mini, rabi Hausa rabi Turanci, "Kawu, kai ma ba zama kake yi a jirgi kana kallonsu ba?" Kuka yi dariya. Na wuce, ina sauri in kama tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa. To yau ga shayi, babu kuma inda za ni. Ku gyara zama.

A Yawuri aka haife ni, a gidan masunta. Babanmu ya rasu ina ƙarami, saboda haka Yaya Bala, babban wanmu, shi ya ɗora mini filafili a hannu. Shi ya koya mini duban ruwa: inda yake da zurfi, inda kututture ya ɓuya, da lokacin da mutum zai tattara komarsa ya nufi gaɓa tun hadari bai gama haɗuwa ba. Da na zo London sai duk wannan ya zama ba shi da amfani. Gadi na yi shekara da shekaru a wani katafaren kanti a Stratford. Ruwan da nake gani shi ne wanda ke sauka daga sama.

A masallacin nan na haɗu da Baba Isaka, mutumin Ghana, ɗan zangon Yeji da ke bakin tafki. Dattijo ne gajere, ƙaƙƙarfa, fuskarsa ta sha rana ta sha sanyi. Muna sa takalma ya ji ina waya da Yaya Bala, ina tambayarsa ko ruwa ya fara ja baya. Ina kashewa ya taɓa kafaɗata.

"Ɗan'uwa, ka san ruwa?"

Na ce, "A cikinsa na girma, Baba."

"Ka iya inji?"

"Na iya."

"To me kake yi a ƙasa?"

Ashe shi ke tuƙa jirgin ceto a wani dam da ke yammacin gari, kusa da filin jirgin sama, inda mutane ke zuwa wasan ruwa. Ya kai ni wajen manaja, aka ɗauke ni gwaji.

Kada ku ɗauka an miƙa mini jirgi ranar farko. Wankin rigunan roba na fara da shi, waɗannan baƙaƙen masu kama jiki da ake sawa saboda sanyi. Wanda bai taɓa juya irin rigar nan ba bayan ƙato ya yini a cikinta, bai san wari ba. Ina jan jarkar mai, ina wanke jirgi, in naɗe igiya Baba Isaka ya warware ya ce in sake. Sai da na yi kwas na sami takardar tuƙi sannan ya yarda na zauna gefensa, ko a nan ma ba ya bari in taɓa inji. Aikina kallo.

"Kar ka duba mutum," yake cewa, da Hausarsu ta zango wadda ba ta raba mace da namiji. "Duba ruwa na bayan mutum. Iska ne zai zo ya same shi."

Dam ba kogi ba ne. An gina shi sama da gidaje, an zagaye shi da ganuwar siminti mai gangara. Iska in ta taso sai ta yi karo da ganuwar, ta tsallake, ta faɗo can tsakiya. Shi ya sa za ka ga ruwa kwance a bakin gaɓa, baƙo ya ce yau lafiya lau, alhali a tsakiya ana fama. Bugun iska kuwa ana ganin zuwansa. Ruwan zai yi duhu wuri guda, kamar ana jan baƙin mayafi zuwa gare ka. In farin kumfa ya fara bayyana a kan taguwar ruwa, masu koyo su fito. Sai kuma jiragen sama. Jirgi yana sauka ne fuskarsa na kallon iska, to duk ranar da suka sauya gefen da suke saukowa, ko ba ka duba waya ba ka san ta juya gabas. Ta gabas a nan mai sanyi ce, mai yanke-yanke, ta zo ta ɗauke. A Yawuri tsuntsaye muke duba, a nan jirage.

Ranar da na fara ganin wing, wato fiffiken nan da kuka gani a waya, wani dogon Bature ne ya zo da jaka a baya. Ya zazzage wani ƙyalle, ya sa famfo ya hura, abu ya miƙe kamar jemage. Baba Isaka ya ce, "Wannan lema ne?" Muka bi shi a jirgi muna jiran mu tsamo shi. Ya durƙusa a kan allo, ya ɗaga abin, ya miƙe, ya yi 'yan girgiza, sai muka ga allon ya rabu da ruwa. Baba ya saki inji ya yi salati. Kafin shekara ta zagayo, rabin masu zuwa dam ɗin abin da suke so ke nan, manaja ya ce dole mu san kayan ciki da waje.

Kayan uku ne. Akwai wing ɗin, wanda ake riƙewa da hannu biyu, ba a ɗaure shi a jikin komai ba sai igiyar da ke wuyan hannunka. A cikinsa akwai tiyub kamar na keke. Akwai allon da ake tsayuwa. Sai foil, wanda ku ba ku gani a waya saboda yana cikin ruwa: sanda ce da ta kai ƙugun mutum, an ɗaura ta a ƙarƙashin allo, a ƙarshenta wani ƙaramin fiffike mai kaifi irin na jirgin sama. Shi ke ɗaga ka in gudu ya yi gudu. Kuma shi ke yanka ka. Ku dubi ƙwaurina.

Haɗa foil aiki ne na mai haƙuri. Kowane noti sai ka goge shi ka shafa giris, don in yashi ya shiga ya kama, sai dai a kai wa mai walda. Ka ɗaure, ka girgiza, ka sake ɗaurewa. Wing kuma in yana sace iska, sai ka zaro tiyub ɗin a hankali, ka hura, ka shafa ruwan sabulu kana neman inda zai yi kumfa, daidai yadda mai faci yake yi a bakin tasha. Mayar da shi ciki ba tare da ya murɗe ba, nan ne ake gane wanda ya iya. In ya murɗe ka hura, ƙarar fashewarsa har wurin ajiye motoci.

Ni na haura hamsin lokacin da na fara hawa. Manaja ya ce ba zai yiwu in riƙa tsamo mutane daga abin da ban taɓa ɗanɗanawa ba. Na yi makonni ina shan ruwan dam. In hau allon in durƙusa, in ɗaga wing, iska ta fizge shi ta bayana. In miƙe, taguwa ta buge allon. Baba Isaka yana zagaya ni a jirgi yana cewa, "Ummaru, kifi ma ya gaji da ganinka." Tashina na farko, tsoro ne ya kayar da ni, don na duba ƙasa na ga ba na kan ruwa.

Abin da ya sa yake da wuya shi ne ba a taɓa samun rana biyu iri ɗaya, ko awa biyu ma. In iska ta yi rauni, babban wing za ka ɗauka, ka yi ta jansa da hannu kana buga allon da ƙafa har numfashinka ya ƙare, wai don ka sami gudun da zai ɗaga ka. Ka tashi ke nan sai ga baƙin mayafin nan ya iso. Nan take wing ɗin da ya yi maka daidai ya fi ƙarfinka. Sai ka sassauta hannun baya, ka danna ƙafar gaba, don in foil ya leƙo saman ruwa ya shaƙi iska, faɗuwa ce ta fuska. Kusa da ganuwa kuma taguwa na bugun siminti ta dawo ta haɗu da mai zuwa, ruwa ya rikice, ba gaba ba baya. Duk wannan ƙafarka ce za ta karanta shi, ido ya yi latti.

Masu zuwa iri-iri ne. Akwai ma'aikatan banki da ke sayen kaya mafi tsada tun ba su iya tsayuwa ba. Akwai tsofaffin da suka yi ritaya, su ne masu jin magana. Akwai wanda zai yi fushi da kai don iska ba ta zo ba, kamar a aljihunka take. A cikinsu duka Bahaushiya ɗaya na taɓa samu, Likita Hauwa, 'yar Zariya, tana aiki a wani asibiti a gabashin gari. Ta ji ina magana da Baba Isaka sai ta tsaya cak, da hular kwano a kan ɗankwalinta.

"Malam, Hausa nake ji a wurin nan?"

Na ce, "Ita ce, Likita. Sannu da zuwa."

"Wallahi na yi booking sau biyu ana yin cancel. Yau ko babu iska sai na shiga."

Mace ce mai naci. Takan fito daga aiki idonta ja, ta ce in ta hau ruwa ne kawai kanta ke daina lissafin marasa lafiya. Cikin 'yan watanni ta fi ni iyawa.

Wata Asabar da kaka, da safe iska na zuwa daga kudu maso yamma, daidai wa daida, kowa na jin daɗi. Bayan azahar sai Baba Isaka ya nuna mini wani gajimare mai duhun gindi yana tahowa ta bayan filin jirgi. Muka ɗaga jar tuta, muka shiga tattaro mutane. Likita Hauwa na can nesa, ta ga tutar, ta juyo kamar yadda ya kamata. Iskar ce ta riga ta. Ta sauya gefe a lokaci guda, ta zo da ƙanƙara. Muna kallo allon ya kife, foil ya yi sama, wing ya faɗa a kansa ya tsage. Abu ya zama tsumma, taguwa kuma na tura ta wajen siminti.

Baba ya zagaya ta ƙasan iska, don jirgi ba ya zuwa wa mutum ta inda za a turo shi kansa. Da muka matso ya kashe inji saboda farfela. Na kwanta a gefen jirgi na miƙa hannu. Igiyar wing ta naɗe mata hannu, tana ƙoƙarin jawo shi.

"Malam Ummaru, wing ɗin!"

"Likita, bar shi!"

"Sabo ne!"

Baba Isaka ya daka tsawa, "Yanke! Mata nan ya gaji, yanke!"

Na zaro wuƙar da ke rataye a rigata na yanke igiyar, na kama madaurin rigar cetonta na jawo ta ciki. Leɓɓanta sun yi shuɗi. Allon ya je ya daki ganuwa, muna jin ƙararsa. Tana rawar sanyi cikin bargo ta ce, "Asabar mai zuwa akwai iska?" Baba ya yi dariya har da tari.

To sai ga shekarar da ba na son tunawa. Zafi ya yi zafi, ruwan sama ya ɗauke, ciyawar London duk ta zama ruwan ƙasa. Dam ya yi ta ja baya har simintin da ban taɓa gani ba ya fito. Iska ta mutu. Mu zo da safe mu hura kaya, mu zauna, mu sace iskar mu naɗe da yamma. Daga nan wata koriyar gansakuka mai guba ta rufe ruwan, aka hana kowa shiga. Muka koma fenti da yankan ciyawa. Da kaka ta zo manaja ya kira mu biyu ofis, ya kasa kallon idonmu. Ya ce jirgin ceto mutum ɗaya zai iya riƙewa har abubuwa su gyaru. Ni ne sabo, kowa ya san wanda zai tafi.

Baba Isaka ya riga ni magana. Ya ce shi dama gwiwarsa ta gaji da sanyin ƙasar nan, yana so ya koma Yeji. A waje na ce, "Baba, wannan ba daidai ba ne."

Ya ce, "Kai kana da yara a makaranta. Ni yarana sun yi gemu." Ya ciro makullin jirgi daga wuyansa ya rataya mini. "In ka ga ruwa ya yi baƙi, kar ka jira manaja."

Na raka shi filin jirgi da akwati biyu. Washegari na zauna a kujerarsa, na ga ashe ƙafata ba ta san inda za ta tsaya ba.

A cikin wannan hunturun ne aka aiko mini cewa idon Yaya Bala yana rufewa. Na nuna wa Likita Hauwa abin da asibitin gida suka faɗa. Ta ce ita ba likitar ido ba ce, amma ta tambayi abokiyar aikinta. Da ta dawo ba ta yi kwana-kwana ba.

"Malam, wannan ba ya dawowa. In akwai abin da kake so ya gani, kada ka ce sai baɗi."

Yaya Bala ya sha jin labarin abin nan a waya, bai taɓa yarda ba. Yakan ce, "Ummaru, ka je Turai ka koyo ƙarya." Saboda haka da bazara na naɗe tsohon wing ɗina, na kwance foil, na sa allo a jaka, na tafi da su har Yawuri. Na makara. Na same shi yana gane haske da inuwa kawai. Ya sa aka ajiye masa foil ɗin a cinya, ya bi shi da yatsu tun daga sama har ƙasa.

"Wannan ai ƙayar bayan giwan ruwa ce," ya ce. "Shi ke ɗaga ƙato kamarka?"

"Shi ne, Yaya."

"To mu gani." Sai ya yi dariya da kansa. "Mu ji, dai."

Muka yi ta jira. Kullum da hantsi in fita bakin ruwa, zafi kamar ya narka mutum, ganye ko motsi. Hutuna na ƙarewa. Abokan tasowata suka ɗauke tarunsu daga wani yanki mai zurfi inda babu kututture, suna yi mini tsiya wai Baturen Yawuri ya zo da lema. Ana saura kaɗan in tafi, wata la'asar, hadari ya zuba can wani gari ya aiko mana da iskarsa, mai sanyi, miƙaƙƙiya, ba yanke-yanke. Na yi maza na hura wing. Aka sa Yaya Bala a kwalekwale aka kai shi tsakiya, aka kafa gora aka tsaya.

Ruwan da ɗumi, ban saba ba. Na durƙusa, na miƙe, na ja sau kaɗan, allon ya rabu da ruwa. Akwai abin da waya ba za ta nuna muku ba. Muddin allo na kan ruwa, ƙara yake yi, fat fat fat, yana dukan taguwa. Yana tashi sai komai ya ɗauke. Shiru, sai wani siririn fito daga ƙarƙashinka. Na nufi kwalekwalen, na wuce ta gabansa kusa har ina ganin furfurar gemunsa. Na juya na sake wucewa. A gaɓa yara da manya sai ihu suke. Shi kuwa ya karkata kai gefe guda, bai motsa ba.

Na sauko kusa da shi na kama bakin kwalekwalen ina haki.

"Ka wuce?" ya ce.

"Na wuce, Yaya. Har sau biyu."

"Na ga inuwa. Amma ban ji ka ba."

"Haka yake."

Ya sa hannu a ruwa ya daɗe. "Tun ina yaro nake bin ruwan nan, da filafili, da gora, da inji. Ban taɓa wuce shi ban tashe shi ba." Ya share hannun a riga. "Sake wucewa. Yanzu na san abin da zan saurara."

Na hau allon na ɗaga wing. Ya yi laushi a hannuna. Na duba bayana, ruwan ya kwanta har ƙarshen gani. Na ja, na buga, na ja, har kafaɗata ta ƙage. Muka zauna a tsakiyar ruwa har aka kira magariba, iskar ba ta dawo ba. Ba ta kuma dawo ba har na bar garin.

Kayan na bar su a ɗakinsa, ƙarƙashin gado. Na ce sai na dawo. Aiki bai bar ni ba tukuna, ga jirgin ceto mutum ɗaya ne har yanzu.

Shekaranjiya ina tsaye a Stratford ina jiran bas, waya ta yi ƙara. Yaya Bala ne. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce in yi shiru in saurara, ya ɗaga wayar sama. Na toshe ɗaya kunnen. Ina jin rufin kwano na kaɗawa, da wata ƙofa na buguwa.

"Ka ji ta?" ya ce. "Tun azahar take, ba ta yanke ba. Ummaru, yau da kana nan."

Bas ɗina ya zo ya tafi, ina tsaye ina sauraro.